Yadda zaka riƙa yawo da alƙalamin tawada kullum ba tare da ya ɓata maka riga ba

Yawancin waɗanda suka sayi alƙalamin tawada suka jefa shi a durowa, tun wajen saye aka samu matsala. Mutum zai ga wani mai nauyi mai ƙyallin ruwan gwal a shagon kayan kyauta ko a Instagram, ya saya don ya riƙa sa hannu dashi a ofis, ya zuba masa duk tawadar da ya samu, yayi rubutu kwana biyu ya ajiye, bayan sati uku ya ɗauko yaƙi rubutu, ya girgiza shi da ƙarfi ya fantsama masa a farar shadda, shikenan sai kaji yana cewa ai wannan abun na mutanen da ne, biro ya fi. To alƙalamin da zaka riƙa sawa a aljihu kullum ba da kyan jiki ake zaɓensa ba. Murfinsa ake dubawa, da kaurin bakinsa, da irin takardar da kai kake rubutu a kanta a zahiri, ba irin wadda masu bidiyo suke nunawa a YouTube ba.

Ka fara sanin yadda abun yake aiki tukunna don kusan duk rigimar da zaka gamu da ita daga nan take tasowa. Tawadar biro mai kauri ce mai maiƙo, ɗan ƙwallon da ke tsininsa ne yake mirginawa yana jawota, shi yasa sai ka danna. Ta alƙalami kuwa kusan duk ruwa ce da rini a ciki. Tana gangarowa ta wata siririyar hanya da ke jikin baƙin robar nan mai layi-layi da ke ƙarƙashin baki, ta shiga tsagar da ta raba bakin gida biyu, tsinin na taɓa takarda sai takardar ta tsotseta da kanta. Kuma duk ɗigon da ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar dai in kana juye mai daga jarka kaji tana ɓul-ɓul. Daidaita wannan shiga da fita shi ne abunda ya ɗaga sunan Lewis Waterman a New York a 1884, kuma har yau a kansa ake. Iskar nan da ke ciki in taji ɗumi sai ta kumbura ta turo tawada waje, ruwan kuma in murfi baya rufuwa ruf sai ya bushe ya bar rini ya daskare. Zafi da bushewa kenan, mu kuwa duka biyun Allah ya hore mana.

Shi yasa nake cewa murfi ne farko. A hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa kuma wanki ke bushewa kafin ka gama shanya, alƙalamin da murfinsa yake shan iska kwana biyu kawai zaiyi ya ƙafe. Haska cikin murfin da tocilan wayarka, in kaga wani ɗan ƙaramin murfi na roba a can ciki wanda baki yake shiga ya zauna, alama ce mai kyau. Kamfanin Platinum na Japan sun sa wa nasu sifirin a bayan wannan ƙaramin murfin yadda in ka rufe zai matse bakin, suna kiran tsarin Slip & Seal, kuma sunce alƙalaminsu mai suna Preppy zai iya shekara guda a ajiye da tawada bai bushe ba. Abun mamakin shi ne Preppy ɗin yana cikin mafi araha, bai kai dala 10 ba, alhali akwai masu tsadar gaske da sati biyu yake kayar dasu. Murfi mai murɗawa yawanci ya fi riƙe danshi kuma baya buɗewa da kansa a aljihu, amma in aikinka na rubutun tsaye ne, kamar nas a wodi ko mai shago da ke rubuta bashi minti-minti, murɗawa da kwancewa sau hamsin a rana zai isheka, gara mai ƙwas ɗin nan da ake zarewa. Akwai ma wanda bashi da murfi sam, dannawa ake kamar biro, Pilot Capless, tun 1963 ake yinsa, sai dai kuɗinsa ba na mai farawa bane.

Sai baki. Zaka ga an rubuta EF ko F ko M ko B a jikinsa, daga mafi siriri zuwa mafi kauri kenan. Ni dai shawarata ka ɗauki F, in rubutunka ƙanana ne ma ka sauko EF. Dalili kuwa takardunmu ne, littafin rubutu na makaranta da rajistar ofis da takardar fotokwafi mai arha duk shan ruwa ne dasu, baki mai kauri yana zubo tawada da yawa sai kaga harafi ya baje yayi gashi-gashi ya kuma fito ta bayan shafi har baka iya amfani da ɗaya gefen. Ka kuma lura cewa haruffan nan ba ma'auni ɗaya bane a ko'ina, na Japan irinsu Pilot da Platinum da Sailor sun fi na Jamus siranta da kusan mataki guda, wato M ɗin Pilot kusan F ɗin Lamy ne. Maganar bakin zinare kuma kar ta ɗauke maka hankali, zinaren baya ma taɓa takarda, akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai tauri da ake liƙawa a tsinin kusan kowanne, na zinare ne ko na baƙin ƙarfe, shi ne yake gogar takarda. Bakin ƙarfe mai kyau zaiyi maka shekaru yana rubutu lafiya lau.

In ana maganar waɗanda mutane suke yawo dasu da gaske, sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa. Preppy na ambata, a jikinsa lamba ce take nuna kaurin baki, 02 da 03 da 05, ɗauki 03, aibinsa kawai robar murfin tana tsagewa in ta daɗe, kuma kamanninsa na 'yan makaranta ne, in kana son wanda zaka fitar a taro ba kunya akwai Plaisir, cikinsu ɗaya sai dai shi jikin alminiyam ne. Pilot Kakuno don yara aka yishi har da 'yar fuska mai murmushi a bakinsa amma manya ma suna sayensa saboda santsin rubutunsa. Pilot Metropolitan jikin tagulla ne, yana da ɗan nauyi, ya dace da aljihun kaftani. Lamy Safari tun 1980 ake yinsa a Heidelberg ta Jamus, robarsa mai tauri ce irin ta Lego, maƙalinsa waya ce mai faɗi da ke kama yadi mai kauri sosai, yana da 'yar taga da zaka ga ko tawada ta kusa ƙarewa, kuma bakinsa da salatif kawai zaka zare ka sa wani in kaurin bai maka ba. Sai dai wajen riƙonsa mai kusurwa uku ne, in kana da naka salon riƙo zai dameka, ka riƙe na wani ka gwada kafin ka saya. Kaweco Sport guntu ne, santimita 10 da rabi a rufe, sai ka ɗora murfin a baya yake zama cikakke, an yishi don aljihun wando ko ƙaramar jaka amma maƙali daban ake saye. TWSBI Eco na Taiwan shi kuma jikinsa gaba ɗaya tanki ne, garau kana ganin tawadar, yana ɗaukar kusan mililita 1.8, ya dace da ɗalibi ko malami mai rubutun shafi goma a zama ɗaya.

Waɗanda suka yi makaranta shekarun baya kuma na san Hero ne zai faɗo musu a rai. Kamfanin Shanghai ne, kuma 616 ɗinsu kwaikwayon Parker 51 ne da ya fito a 1941, mai bakin nan da aka lulluɓe sai ɗan tsini kawai ya leƙo. Lulluɓin yana da amfani don ko ka barshi a buɗe kana sauraron lacca baya saurin bushewa. Matsalar ita ce sa'a ce, a fakiti ɗaya wani zaiyi rubutu kamar me wani kuma yayi ta yoyo, sannan duk arharsa akwai jabunsa. Haka Jinhao, suna da kyau a kuɗinsu amma murfin da yawa daga cikinsu baya riƙe danshi, in ba kullum zaka rubuta dashi ba zai wahalar da kai. Safari ma jabunsa sun cika kasuwannin intanet, in kaga ana sayar dashi rabin kuɗi kwalinsa da komai to ka san me kake saye. Wanda kuma aka ce maka Montblanc ne a farashin kwanon shinkafa ba sai na ce komai ba.

Abunda mutane basa tambaya kafin su biya kuɗi shi ne ta ina zan samu tawadar in ta ƙare. Yawancin alƙaluman yanzu katirij suke ɗauka, 'yar robar nan mai tawada da ake turawa ta ciki har kaji ta fashe, amma ba kowanne ke shiga kowanne ba. Lamy nasu daban, Parker daban, Pilot daban, Platinum daban, Sailor daban. Akwai kuma na gama-gari da Kaweco da Pelikan da Faber-Castell suke amfani dashi, gajerensa bai kai mililita 1 ba. Har Metropolitan ɗin ma wanda ake sayarwa a Turai da sunan MR na gama-garin yake ɗauka, na Amurka da Japan kuma sai na Pilot, to ka duba wanne aka turo maka. A garin da ba shagon da ke ajiye irin waɗannan, dogaro da katirij wahala ce kawai. Ka haɗa da kwambata tun ranar farko, wato 'yar na'urar da ke zama a mazaunin katirij ta zuƙo tawada daga kwalba, ita ma ta kamfanin alƙalaminka zaka nema. In bata samu ba kar ka yar da tsohon katirij, sayi sirinji a kemis ka dakushe tsinin allurar, ka wanke katirij ɗin ka riƙa cika shi daga kwalba, zaiyi maka cikawa da yawa kafin bakinsa ya saki, in ka ji ya daina kamawa gam sai ka canza. Kwalba mai mililita 50 zata baka cikawa wajen 70, kaga ko ta wajen kuɗi ma kwalba ta fi.

Cikawar kanta ba wuya. Sa kwambata a jikin alƙalamin, murɗa ta har fistin ɗin, wato abun da ke hawa da sauka a cikinta, ya sauka ƙasa, tsoma bakin gaba ɗaya cikin tawada har ya ɗan taɓa gefen wajen riƙo, don in rabin baki kawai ka tsoma iska zaka zuƙo, sai ka murɗo sama a hankali. Karon farko rabi zata cika, mayar da ita ka sake zuƙowa. In ka ciro, sako ɗigo biyu ko uku su koma kwalba, juya bakin sama ka murɗe fistin ɗin ya janye abunda ya taru, goge da tishu. Ɗigon nan da kake mayarwa shi ne yake hana shi zubo maka da gulbi a layin farko. Hero kuma 'yar jakar roba ce a ciki da ƙarfen matsawa, ka matsa ka saki ka jira daƙiƙa biyu, haka sau huɗu ko biyar har kumfa ta daina fitowa. Kuma don Allah kar ka cika a kan katifa ko dadduma, kwalbar tawada bata da amana.

Yanzu maganar tawada, nan ne ake kashe alƙaluma da yawa. Duk abunda ba a rubuta na alƙalamin tawada bane a jikin kwalbar kar ka zuba. Banda tawadar firinta, banda ta hatimin ofis, banda baƙar tawadar masu zane da ake kira ta Indiya don akwai wani danƙo a cikinta da in ya bushe a siririyar hanyar nan ruwa baya narkar dashi. Haka tawadar allo ta zuge da ƙaro, ita an yita ne don alƙalamin kara da ake tsomawa a kurtu, garin gawayin zai toshe hanya ƙaron kuma ya liƙe shi, ko ka tace da tsumma bata yi. Yambari ma da mahaddata ke rubutu da ita a takarda, duk kyanta da daɗewarta, a barta wa alƙalamin da aka yita dominsa. Fara da masu sauƙin hali waɗanda an daɗe ana gwadawa: Parker Quink da ke kasuwa tun 1931, Pelikan 4001, ko shuɗiyar Waterman. A takarda mai arha na fi son Pelikan 4001 don bata da saurin zuba, bata cika bajewa ba. Masu ƙyalƙyali da masu launi kala-kala da kake gani a hoto a bari sai hannu ya faɗa, suna da wuyar wankewa kuma a baki siriri ma kyan nasu baya fitowa. Kar ka gauraya tawada biyu a ciki, kar ka ajiye kwalba a taga inda rana ke dukanta, in ka buɗe kaga wani abu yana yawo a sama ko wari ya canza to zubar da ita.

Akwai wani abu da ya kamata ma'aikata su sani. Shuɗiyar nan mai haske da 'yan makaranta ke amfani da ita a Jamus da Faransa da gangan aka yita mai gogewa, ruwa na taɓata take tafiya, rana ma tana kodar da ita. Tana da daɗi ga mai farar riga amma kar ka sa hannu da ita a takardar fili ko yarjejeniya ko rajistar da za'a ajiye shekaru. Don irin wannan sai mai zama daram. Akwai masu sinadarin ƙarfe irinsu Diamine Registrar's da Rohrer & Klingner Salix, suna sauka shuɗi sai su yi duhu in sun sha iska, irinta ce masu rajistar haihuwa da aure suke amfani da ita a Ingila, kuma dangin yambari ce ta wajen haɗi tunda a yambari ma ɗacin bagaruwa ne yake haɗuwa da ƙarfe ya bada baƙi, bambancin ita ta kamfani an taceta an daidaitata don kar ta toshe. Wani daɗinta kuma a takarda mai arha ma bata bajewa. Akwai masu garin launi mai laushin gaske irin Platinum Carbon Black, sai Noodler's Black da ke kama jikin takarda ta ƙi fita. Duk waɗannan suna son alƙalami mai murfi na kirki da wanki akai-akai, ba'a barinsu wata biyu a ciki ba'a rubutu.

Wajen riƙo, hannun da ya saba da biro shi ne yake buƙatar horo. Rubutun da ke saman baki ya kalli sama, alƙalamin ya kwanta kamar digiri 45 ba a tsaye cak ba, haƙoran nan biyu na baki su taɓa takarda tare, in ka mirgina shi gefe sai ya riƙa tsallake. Kuma kar ka danna, nauyinsa kaɗai ya isa ya ja layi, gwada ka gani, riƙe shi ta can ƙarshe da yatsa biyu ka ja a takarda, in bai rubuta ba to alƙalamin ne ke da matsala ba ƙarfi ne ya yi kaɗan ba. Wanda ya yi makarantar allo hannunsa ya riga ya san wannan. Rashin dannawar nan ita ce ainihin ribar abun, kayi shafi biyar yatsa bai ƙage ba. In zaka dakata fiye da minti ɗaya ko biyu mayar da murfi, musamman ƙarƙashin fanka. Lokacin zafi kuma sa wata 'yar takarda ƙarƙashin hannunka don gumi da man shafawa in suka taɓa shafi tawada bata kama wajen.

Takarda ba sai ka nemo ta waje ba. Ta fotokwafi mai giram 80 irin Double A tana ɗauka da kyau, littattafai kuma ka riƙa gwadawa a shafin ƙarshe, wani mai arha zai baka mamaki wani mai tsada mai bango kamar fata ya baka kunya. 'Yan'uwa na Nijar in kun samu kaye, wato littafin rubutu, na Clairefontaine mai giram 90 kun huta, dama don irin wannan alƙalamin aka yishi, sai dai takarda mai santsi tawada tana jimawa bata bushe ba, ka ɗan jira kafin ka juya shafi.

Ɗauka kuma ƙa'ida ɗaya ce babba, baki ya kalli sama. Aljihun gaban riga da maƙali shi ne wajensa, aljihun gefe na kaftani ko babbar riga kuwa kwanciya yake yi ya yi ta gwaruwa da makulli da waya, in ka hau babur ko Keke a hanya mai gargada kafin ka isa tawada ta cika murfi, ka buɗe ta ɓata maka yatsu. Ke mai jaka nemi 'yar jakar alƙalami ki tsayar da ita a aljihun ciki, kar ki sake shi cikin tarkace. Kar a barshi a mota a rana, a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yana haura digiri 40 a waje balle cikin mota a rufe, tawada zata fito, roba ma tana iya lanƙwasa. In ka fito daga ofis mai esi zuwa rana ko akasin haka, ɗan riƙe shi baki sama a tafin hannu kafin ka fara rubutu, iskar ta fice ta sama. Masu babban tanki irin Eco kar ka bari su sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, iska ta fi yawa kenan kuma a nan ne suke yin aman tawada. Jirgin sama ma haka, Legas zaka ko Jidda, ko dai ka cika shi taf ko ka juye shi gaba ɗaya, ya tsaya baki sama lokacin tashi, in ka sa shi a 'yar leda ma ya fi.

Wanki duk wata ɗaya zuwa biyu, da duk sanda zaka canza launi, da kuma in zaka ajiye shi ya daɗe. Ruwan sanyi kawai, in ruwan rijiyarku ko na bohol mai barin fari-fari ne a buta to yi amfani da ruwan leda. Zuƙa ka fesar da kwambata har ruwan ya fito garau, in tawada ta riga ta bushe a ciki cire gaban ka jiƙa shi a kofi ya kwana, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa ya isa, sai ka ɗauraye sosai ka tsayar dashi baki ƙasa a kan tishu ya tsane. Banda ruwan zafi, banda sifirit da sanitaiza da fetur da abun goge farce, suna cin roba su sa ta tsage. Sabon alƙalami ma ka fara yi masa wannan wankin kafin tawadar farko don sau da yawa akwai ragowar man masana'anta a ciki, shi ne yake sa sabo fil ya riƙa yankewa mutum ya zata lalatacce aka sayar masa.

In ka buɗe yaƙi tashi kar ka girgiza kar ka buga shi a tebur. Taɓa tsinin da ɗigon ruwa, ko ka ɗan murɗa kwambata har kaga tawada ta jiƙa layukan ƙasa. In yana karce takarda ta gefe ɗaya kawai, ɗauki hoton tsinin da waya ka zuƙo shi kusa, galibi zaka ga haƙori ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, sai ka tura wanda ya sauka sama da farce a hankali a hankali kana gwadawa. Kar ka kai shi kan dutse ko sanfefa, in ka cinye ɗan dunƙulen tsinin ba mai dawo maka dashi. Wani lokacin ma zaren takarda ne kawai ya maƙale a tsaga. Babban mai kashe baki dai faɗuwa ce, alƙalami ya gangaro daga tebur kuma kusan kullum a kan baki yake sauka, don haka ko ka ɗora murfin a bayansa maƙalin ya tare shi ko ka rufe kafin ka ajiye.

Bahago zai iya amfani dashi sarai, baki siriri da tawada mai saurin bushewa kawai zai nema, ya kuma ɗan karkata littafin yadda hannu zai bi ta ƙasan layi. Masu rubutun Larabci da ajami da hannun dama suma tura baki suke yi maimakon ja, don haka EF ɗin Japan mai tsini kamar allura zai iya riƙa caka takarda, F ko M ya fi musu daɗi. Mai son rubutu mai kauri da siranta irin na kan takardar shaida ya nemi Pilot Parallel, yana zuwa da faɗi kala-kala daga milimita 1.5 zuwa 6.0, amma wannan na tebur ne ba na aljihu ba.

Duk da haka ka ajiye biro ɗaya a jaka. Fom mai kabon da sai an danna yake fita a kwafi na biyu, rasit ɗin POS mai santsi, katin biki mai sheƙi, bayan hoton fasfo, duk ba wajen alƙalamin tawada bane. Biron kuma shi zaka miƙa wa mai cewa malam ɗan ara min abun rubutu a layin banki, don wanda bai saba ba zai fizgi murfi mai murɗawa ko ya danna bakin ya buɗe shi. In kuma dole sai naka zaka bayar to ka buɗe da kanka ka riƙe murfin a hannunka, ba mai sa buɗaɗɗen alƙalami a aljihu ya wuce.

Ranar da ta zuba a riga, don wataran sai ta zuba, kar ka goga, danna tishu ya tsotse abunda zai tsotsa, sai ka sakar masa ruwan sanyi ta bayan yadin yadda tawadar zata fita ta inda ta shiga, sannan sabulu. Quink da 4001 masu shuɗi yawanci suna fita in ba'a bari sun kwana ba. Ka gaya wa mai wanki kar ya sa guga sai tabon ya fita gaba ɗaya don zafi yana zaunar dashi. Carbon Black da Noodler's Black kuwa in suka bushe a auduga sai haƙuri, Noodler's ɗin ma abunda take kamawa a jikin takarda shi ne dai a jikin auduga, don haka ranar Juma'a ko ranar biki in farar shadda zaka sa, ɗauki wanda ke da shuɗiya mai wankuwa ka bar ɗayan a gida.